Kiɗan Fim ɗin Hattie

Litinin, 3 ga Maris
Na amsa, ban ma san dalili ba. Matthew, mai kula da wani ƙaramin silima a Germantown, yana neman mai kaɗa piyano ranar sha biyar ga wata. Fim ɗin 1915 za su nuna, irin wanda ba a magana a ciki. Ni da ban taɓa kiɗa a wani wuri ba sai a coci. Matata Becky ta ce in je, tunda dama na ishe ta da safa da marwa a falo.

Alhamis, 6 ga Maris
Sunan 'yar wasan Hattie Colbane. Sau huɗu na kalla a waya lokacin hutun aiki. Ta yi sukuwa a kan doki, ta faɗa kwamin ruwa, ta tashi ta bi ɓarawon shanu da tsintsiya. Matthew ya ce finafinanta sun haura ɗari, na kaboyi da na barkwanci. Biyu suka rage, sauran sun ƙone ko sun ruɓe. Da aka fara fim mai magana, ba wanda ya sake nemanta.
Abin ya tsaya mini a rai.

Lahadi, 9 ga Maris
Sau biyu na ɓata waƙar baiko, ta lokacin karɓar sadaka a coci. Hankalina na kan doki.

Laraba, 12 ga Maris
Gwaji. Jikar Hattie ta zo, Misis Doyle, ta haura tamanin, ana tura ta a keke. Ban yi minti goma ina kiɗa ba ta ɗaga hannu.
"Ɗana, wa ya mutu?"
Na ce tausayin kakarta nake ji, yadda aka manta da ita. Ta ce Hattie makarantar koyon hawan doki ta buɗe, kuma har ta tsufa tana alfahari da ƙafar da ta karye sau biyu a wajen wasa. "Don a yi dariya ta faɗa ruwan nan, ba don a tausaya mata ba."
Raina ya ɓaci. Na gaya wa Becky zan janye. Ko ɗagowa ba ta yi daga tuƙin tuwo ba. "Baban Rachel, kai ka ajiye kiɗa ka kama aikin kantin magani. Kada ka ɗora wa Hattie naka baƙin cikin."
Ban ci tuwon ba.

Asabar, 15 ga Maris
Mutum sittin, ko sama da haka. Ban janye ba, na zauna gaban piyano. Da Hattie ta ɗauki tsintsiya, sai na ji yatsuna sun kama kiɗan rawar da muke yi a biki a Jos. Silima ya kece da dariya. Ta Misis Doyle ta fi ta kowa, har da tari.
Da za a fita da ita, ta riƙe mini hannu ta daɗe.

Litinin, 17 ga Maris
Matthew ya turo fim na biyu, na watan gobe. Na ce sai na yi tunani.
Na dai nemi a canja mini aikin kanti na Asabar ɗin da za a nuna shi. Wannan ba amsa ba ce.