Salama Bakwai a Ambulan

Hamburg, saura kwana goma Nauruz, bikin sabuwar shekararmu

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinka? Yaya Mama da gwiwarta? Rumman ɗin tsakar gida ya fara toho kuwa?

Ni lafiya lau. Ran Asabar ina koya wa yaran mutanenmu rubutun alƙalami. Sauran ranakun wanke-wanke nake a gidan abinci, ba wani aiki ba ne, yatsu ne kawai ke ɗan tsagewa.

Mama ta ce bana hannunka na rawa, ba za ka rubuta ayoyin salama bakwai a tangaran a wanke a sha ba. Na tuna yadda kake leƙa takardata kana cewa, "Ke Mahin, wannan sin ne ko haƙoran jaki?"

To ga su nan, da za'afaran na rubuta. Shekara na juyawa ku jiƙa takardar, kowa ya kurɓa. Amma ka duba kafin a jiƙa, Mama ta rubuto mini abin da ka ce. Shekarata huɗu a nan, yabo kawai nake sha, ba wanda ya kushe mini ko harafi ɗaya.

Allah ya ƙara maka lafiya.

'Yarka,
Mahin