Ƙafar Muhyiddeen da Mantuwar Baba

Zuwa ga Baffa Yunus, a Wudil.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalin gida baki ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Mu nan Anaca mun gode Allah, ruwa ake ta yi ba ƙaƙƙautawa, kasuwar Ose Okwodu kuma sai a hankali. Na zaɓi in rubuto ta hannun Isah direba, mai kawo mana albasa, saboda maganar da ke bakina ba ta waya ba ce. Baba yana kusa kullum, kuma ba na son ya ji.

Baffa, ka ji labarin cewa yayana Muhyiddeen ya ji ciwo a gareji, amma ba a gaya maka yadda abin ya faru ba. Wata tifa ce mai ɗiban yashi aka kawo, irin masu giya otomatik ɗin nan da Baba ya yi suna a kansu tun daga bakin gadar Head Bridge ta nan Anaca har Fatakwal. Giyar irin wannan mota ta fi buhun albasa uku nauyi. In an sauke ta, da sarƙa ake ɗaga ta, a kai ta kan wani tsayayyen ƙarfe mai juyawa, a ɗaure ta da noti huɗu, sannan a buɗe cikinta. Mun taso muna jin dokokin Baba a kan wannan aiki kamar karatun allo. A tsiyaye mai tukuna. Ba a ɗora giya a kan taya ko dutse. Ba a sakin sarƙa sai an bi kowane noti da sifana an sake bi. In ƙarfe ya zame, ba a tare shi da hannu, a bar shi ya faɗi. Ya sha korar ƙwararrun ma'aikata saboda sun sa ƙafa ƙarƙashin ƙarfen da ke rataye, yana cewa ƙarfe bai san mai shi ba.

Ranar, Baba ne da kansa ya ce zai ɗaure giyar. Da ya gama, ya ce wa Muhyiddeen ya saki sarƙa. Ka san Muhyiddeen, tun da yake bai taɓa bin bayan aikin mahaifinsa ya duba ba, kuma wa zai ga laifinsa? Ya saki sarƙar, ya kama ƙarfen zai juya giyar, sai ta ɓalle ta sauko masa a ƙafar hagu. Ni ina rumfata a kasuwa aka zo aka kira ni. Kafin in isa asibiti an shiga da shi ɗakin tiyata. An cire masa yatsu biyu, ƙasusuwan tafin ƙafar kuma sun farfashe. Likita ya ce zai taka, amma ɗingishi ya zauna ke nan, tsayuwar aiki ta yini guda kuma sai dai a ga abin da Allah zai yi.

Washegari Umma ta ɗauki rigar aikin Baba za ta wanke, sai ta ji nauyi a aljihu. Noti biyu ne, Baffa, sababbi, ko maiƙo bai taɓa su ba. Biyu kawai ya ɗaura, ya zuba sauran a aljihu, ya tafi da yaƙinin ya gama. Umma ta zauna a bakin famfo da su a hannu.

Gaskiya alamun sun jima suna zuwa, mu ne muka riƙa ba su wani suna. Ya kan kira ni da sunan Gwaggo Fatsuma, Allah ya ji ƙanta, mu yi dariya. Ya kan yi sallar la'asar ya tashi ya sake alwala ya ce lokaci zai wuce. Akwai ranar da wani ɗan okada ya kawo shi gida, ya ce ya same shi tsaye a gindin gada yana tambayar hanyar unguwar da ya shekara talatin a cikinta. Duk muka ce gajiya ce. Bayan abin da ya faru na kai shi asibiti a Inugu da sunan za a duba hawan jininsa. Likitan ya yi masa tambayoyi, ya sa aka ɗauki hoton kansa, sannan ya kira ni gefe ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa. Ya ce magani yana rage masa gudu, amma ba ya mayar da abin da ya tafi, kuma lallai a raba shi da aikin ƙarfe mai nauyi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baba bai san shi ne ba. Da ya je duba Muhyiddeen a asibiti, faɗa ya kama yi masa a gaban mutane, wai shekara nawa yana koya masa, wane irin ganganci ne zai sa mutum ya saki sarƙa a kan noti biyu. Na buɗe baki zan yi magana, Muhyiddeen ya kalle ni, sai na fasa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Kuskurena ne, Baba, ka yafe mini." Daga baya ya roƙe mu, ni da Umma, kada kowa ya taɓa gaya masa gaskiya. Ya ce ƙafa ta riga ta tafi, bai ga amfanin a haɗa da zuciyar tsoho ba.

To amma Baffa, rana ba ta ƙarya. Kullum da safe Baba sai ya sa rigar aiki ya nufi gareji, yana cewa tunda yaron yana kwance dole shi ya riƙe wurin. Oga Emeka, maƙwabcin garejin mai sayar da kayan gyara, shi ke taimakonmu. Da ya hango shi sai ya jawo masa kujera, ya sayo masa shayi, ya riƙe shi da hirar tsofaffin motoci har azahar. Ma'aikatan kuma sun kulle sarƙar a ɗaki sun ce ta lalace. Wannan dabara ba za ta ɗore ba. Makon jiya an kawo wata motar mai matsalar giya, da ƙyar aka hana shi shiga ƙarƙashinta, ya yi fushi ya ce an raina shi a garejin da ya kafa da guminsa. Ina tsoron ranar da zai kashe kansa ko ya kashe ɗan wani.

Umma ta yi magana, na yi, limamin unguwa ma ya yi, bai saurari kowa ba. Kai kaɗai ne a duniya in ka ce masa "Gimba, zauna," zai zauna. Shi ya sa muke roƙonka, in jiki ya yarda, ka biyo motar Isah ka zo. Ka ce masa kana bukatarsa a gida, gonar gado ta fi ƙarfinka, ko duk abin da ka ga zai karɓa. Umma ta shirya binsa. Ni zan tsaya da Muhyiddeen da iyalinsa har ya miƙe. Na san tafiyar da nisa ga mai shekarunka, amma naka sai naka, kuma gara ya koma Wudil tun yana gane fuskarka.

Jiya da yamma Baba ya shigo ɗakin Muhyiddeen, ya ga ƙafar a naɗe, ya tsaya ya tambaya me ya same shi. Ya manta har da faɗan da ya yi. Muhyiddeen ya ce giya ce ta faɗo masa. Baba ya zauna a ƙasa, ya ɗora ƙafar a cinyarsa yana tofa mata addu'a, hawaye na bin gemunsa. Sai ya ce, "Ai da ina wurin, da haka ba ta faru ba." Muhyiddeen ya ce haka ne, Baba.

Ka gaishe mini da Inna Mas'uda da Yaya Aslam da Maijidda da yaranta. Umma tana gaishe ka, ta ce a sa mu a addu'a. Allah ya kawo ka lafiya.

'Yarka,
Kamila Gimba, Anaca.