Inna ta ƙi rabuwa da murhun ƙosai

Anti Khairiya, don Allah ki taimake ni da shawara. Na gaji, ban ma san ta inda zan fara ba.

Ina aure a Dapaong, Innata kuma tana zangon Sokodé. Tun ban zo duniya ba take suyar ƙosai da dama koko a ƙofar gida, da itace. Da wannan murhun ta ciyar da mu bayan rasuwar Baba. Yanzu tari ya kama ta, ya ƙi tafiya. Daga ɗaki zuwa rijiya sai ta tsaya ta dafa bango. Salla ma a zaune take yi.

Na kai ta asibiti. Likita ya ce hayaƙi ne ya ɓata mata huhu, ba ya warkewa, sai dai lallaɓawa. Ya yi bayani da Faransanci, da sauri, ga mutane cike a waje. Inna tana gyaɗa kai, ni ma haka, alhali rabin maganar ban gane ba. Aka ba mu abin shaƙa guda biyu. Da na sake zuwa, ɗaya ko buɗe shi ba a yi ba, ɗayan kuma fesawa take a baki ta haɗiye. A ƙarƙashin katifa take ɓoye su, wai in masu saye suka gani za su ce tarin fuka ne, su gudu.

Duk ranar da numfashi ya sarƙe mata, maƙwabciyarta Rahinatou za ta kira ni, in bar yarana in hau mota. Maigidana bai taɓa hana ni ba, amma na ga fuskarsa ta fara sauyawa. Na roƙi Inna ta dawo wurina, ta ce ba za ta zauna gidan suruki tana jiran a zuba mata tuwo ba. Rannan har na ɗaga mata murya. Sai ta sunkuya ta ci gaba da hura wuta. Kuka na yi ta yi a mota har muka wuce garin Kara. In tilasta mata ne, ko in zuba mata ido?

'Yar Inna, Dapaong

'Yar Inna, sannu. Gajiyarki gaskiya ce, tsoronki ma haka. Amma Inna ma tana da tata gaskiyar: murhun nan mutuncinta ne, kuma mutum ba ya riƙe maganin da bai gane ba.

Ki koma asibiti da ita, ki nemi ma'aikaciyar jinya mai jin Hausa ko Kotokoli. Ta nuna yadda ake shaƙar maganin, sannan Inna ta gwada a gabanta har hannunta ya faɗa. Ki tambayi wanne ne na kullum, wanne ne na lokacin sarƙewa, ki ɗaura wa ɗaya jan zare. Ki ɗauki bayanin a waya don ta riƙa saurara. Ki tafi da Rahinatou, tunda ita ce a kusa. Ku nemi a duba tarin fuka. In ba shi ba ne, a faɗa wa Inna ƙarara cewa ciwonta ba ya yaɗuwa.

Kada ki ce ta bar sana'a. Hayaƙin za ta bari. A samu mai suya, ita ta haɗa ƙulli, ta zauna nesa da wuta tana sallamar mutanenta. In numfashi ya tsananta har ta kasa magana, ko leɓenta ya sauya launi, asibiti za a nufa kafin a kira ki.

Ki ba ta haƙuri kan ɗaga muryar, ki kuma zauna da maigidanki ku tsayar da lokutan zuwa. Ke ma jikinki yana da hakki a kanki. Allah Ya sassauta wa Inna, Ya ba ki ladan ɗawainiya.

Anti Khairiya