Akuya Ta Daina Tari

Litinin, 9 ga Satumba

Na shiga rumfa da safe don in tayar da Akuya, tsohuwar taraktarmu. Mijina Dobrivoje ne ya sa mata sunan, saboda babu tudun da ba ta hawa. Na murɗa, na sake murɗawa, ko uffan. Sai fetur da yake ɗiga daga gindin kafireto. Ban san lokacin da na juya na ƙwala kira ba: "Dobri, zo ka ga abin da take yi!" Na tsaya ina jiran ya amsa.

An binne shi tun Yuli, na sa baƙaƙen kaya, na karɓi gaisuwa. Amma sai yau na gane ba zai zo ba.

Talata, 10 ga Satumba

'Yata Gordana ta buga waya daga birni. "Mama, inabi ba ya jiran kowa. In ba a sauko da shi daga tudu a watan nan ba, mu sayar da gonar ki dawo wajena." Ta san manyan taraktoci ba sa shiga tsakanin layukan inabinmu, Akuya kaɗai ke wucewa. Na ce ta ba ni lokaci. Ta ce, "Ke da ko ƙwan lantarki Baba ke canza miki?"

Alhamis, 12 ga Satumba

Na kwance kafireton! Ni da hannuna! Noti biyu, bututun fetur, da wasu sanduna sirara guda biyu. Na jera komai a kan tiren burodi yadda na ciro su, don kada in rikice. Cikinsa akwai wani ɗan ɓawon itace irin na toshe kwalba. Na sha ganin Dobri yana girgiza shi kusa da kunne. Shi ne yake iyo a kan fetur, ya rufe hanya in ya cika. Nawa ya jiƙe jagab, ya yi nauyi, na sa shi a ruwa ya nutse.

Sai na sansana. Wallahi warin barasar rakiya! Shekara nawa ina dafa barasar inabin nan, ba zan kasa gane ta ba.

Juma'a, 13 ga Satumba

Na kira Tihomir, aminin Dobri, wanda ya tsaya mana ranar aure. Har yau amarya yake ce min, ni da jikoki. Na tura masa ɓawon a hanci. Ya cire hula, ya hau murza ta.

"Amarya, kada ki yi faɗa. Ranar addu'ar arba'in ce. Mun tashi zuba wa mamaci rabonsa na barasa a ƙasa, sai abokinmu Ratko ya ce, yaushe Dobri ya taɓa zama a ƙasa? Ai a kan tarakta ya yi rayuwarsa. Shi ne muka zuba a tanki."

"Ku nawa?"

"Duk wanda ya zo. Wasu sun maimaita, don ƙauna."

Ashe barasa tana cinye shafin da ke jikin ɓawon. Sun shayar da Akuya har ta kasa tashi! Na yi niyyar zaginsa, sai dariya ta ƙwace min, na yi ta yi har na zauna a kan bokiti. Daga baya na yi kuka. Shi ma ya yi.

Asabar, 14 ga Satumba

Na wanke tanki tas. Amma da na goge kafireton sai ga tsaga a jikinsa, tsohuwa, an like ta da wani abu baƙi. Aikin Dobri ne. Sai an canza shi gaba ɗaya.

Litinin, 16 ga Satumba

Ba abin da na yi. Na zauna da rigarsa ta aiki.

Talata, 17 ga Satumba

Tihomir ya shigo da sassafe riƙe da wani abu a cikin tsumma kamar jariri. Kafireto ne, daga matacciyar taraktarsa ya ciro, wadda kaji ke ƙwai a cikinta. Iri ɗaya da namu, sai dai mai iyon nasa na tagulla ne. "Wannan ba mashayi ba ne, amarya, ko ganga aka zuba masa." Ya so ya ɗaura min. Na ce hannunsa ya yi wa Akuya abin da ya isa, ya zauna ya sha kofi.

Duk yini ina tsefe ramukan da siririyar waya, ina hurawa da baki. Har gashin kaza na ciro!

Laraba, 18 ga Satumba

Na ɗaura. Ta tashi, ta yi gurnani, ta mutu. Haka ta yi ta yi. Na kai kunne na ji wani ɗan fito a inda kafireto ya haɗu da inji: iska ce ke shiga, takardar da ke tsakaninsu ta ruɓe. Na yanka sabuwa daga kwalin takalmin da Gordana ta sayo min. Gara ya yi wani amfani, takalmin matse ni yake yi.

Alhamis, 19 ga Satumba

Ta tashi! Ta tashi, kuma ba ta mutu ba!

Na yi ta murɗa ɗan sukurun gefe kaɗan-kaɗan, kai a karkace kamar yadda Dobri yake yi, har hayaƙi ya washe. Tihomir yana tsalle a bakin ƙofa yana ihu, "Amarya ta zama bakanike!" Na buga wa Gordana, ban ce komai ba, na kara wayar a bakin bututun hayaƙin Akuya. Can ta ce, "Baba..." Sannan ta ce za ta zo ranar Asabar da yara, su taya ni tsinka.

Lahadi, 22 ga Satumba

Jiya mun sauko da tirela cike. Ni na tuƙa. Gordana ba ta sake tayar da maganar sayarwa ba, sai faɗan na ɓata mata kwali.

Abu ɗaya ne. A kwanar da ke bayan coci Akuya takan yi tari sau biyu, tun ina sabuwar amarya. Da wannan tarin nake sanin Dobri ya kusa gida, in ɗora miya. Ashe tsagar nan ce. Jiya mun wuce kwanar sumul. Na jira zuciyata ta karye, sai na ji ni ina rera waƙa. Ban san me zan ce a kan wannan ba.

Na matso da kujerar gaba, ƙafata ba ta kaiwa birki sosai. Don birki ne kawai.

Tsohon kafireton yana kan teburinsa, ban yar ba. Layukan can saman tudu ba a tsinke su ba tukuna.