Takardar Litinin da Ba Ta Ɗauke da Aiki Ko Ɗaya

Johar Town, Lahore

Zuwa ga yayana Tauƙir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Bhabi Uzma da yaranmu Hamdan da Zoya. Allah Ya sassauta muku sanyin Calgary, Ya yi wa aikinka albarka, Ya jiƙan mahaifiyarmu Ammi da rahama. Mu nan lafiya lau muke. Hayaƙin da ya rufe garin ya yaye, har Mubashir ya daina tarin da yake damunmu da shi, ya koma ƙorafin cunkoson hanya kamar yadda ya saba tun da na aure shi. 'Yata Mahnur ta gama jarrabawa, ta ce in gaya maka ba ta manta da alkawarin takalmin da ka yi mata ba, ko da kai ka manta.

Zan fara da labari mai daɗi don kada hankalinka ya tashi. An yi wa mahaifinmu Abba-ji aikin idon dama, an cire yanar, kuma yana gani. Na san za ka ce wane aiki, wace yana, alhali duk Lahadi kuna waya yana ce maka komai lafiya. Shi ya sa na zauna na rubuta maimakon in kira ka, don na san halinka, kafin in kai tsakiyar magana ka fara neman tikitin jirgi. Ka daure ka karanta har ƙarshe tukuna.

Ka san yadda Abba-ji yake da fayilinsa. Tun zamanin da yake rubuta wa banki manhaja a baƙin allon nan, bai yarda da komai ba sai rubutu zalla, babu launi, babu hoto, babu ƙararrawa. Ya sha ce mana waɗannan manhajojin masu ƙyalƙyali yau suna nan gobe kamfaninsu ya rufe da bayananka a ciki, amma rubutu zalla ko jikan jikansa zai buɗe ya karanta. Kowane aiki layinsa guda, da ɗan akwati a farko wanda yake cikewa idan an gama, da sunan wanda zai yi a ƙarshe. Da ka zo bara bayan rasuwar Ammi, ka tuna mun rasa yadda za mu riƙa sanin abin da yake buƙata tunda ba ya buɗe baki ya faɗa. Ni na kawo shawarar kada mu raba shi da fayilinsa, in rubuta 'yar ƙaramar manhaja da za ta riƙa tace ayyukan da ba a gama ba, ta fitar wa kowa nasa bisa sunan da ke ƙarshen layi, ta tura masa kowace safiyar Litinin. Ya duba abin da na rubuta layi-layi, ya gyara min wuri ɗaya da ba ya buƙatar gyara, sannan ya ce ba laifi. Ranar har kumbura na yi don daɗi.

To, Yaya, tun daga lokacin takardata take zuwa fayau. Litinin ta zo, in buɗe, sai kanun takarda kawai da layin da ke cewa babu aiki. Da farko na zaci manhajar ce ta samu matsala, na gwada ta da fayil na ƙarya, na ga tana aiki sarai. Sai na saki jiki. Har alfahari nake yi a ofis ina cewa mahaifina ya haura saba'in amma ba ya buƙatar kowa. In na je gidansa a unguwar Samanabad ranar Asabar, sai in tarar ya yi wanka ya sa farin kaya, ya aiki mai shago ya kawo samosa, ya zaunar da ni kamar baƙuwa. In na tashi zan wanke ko kofi, ya ce in zauna, mai aiki za ta zo.

Wata Asabar ce asiri ya tonu. Yana zuba min shayi, sai na ga yana zuba shi a faranti gefen kofin, hankalinsa kwance, har da tambayata ko ya isa. Da ya shiga alwala na leƙa kwamfutarsa, na ga ya ƙara girman rubutun har kalma uku ke cika allo. Ya fito ya same ni a kujerarsa. Na ce masa ina son in duba fayilin gaba ɗaya, ba wanda aka tace ba. Ya ce fayil dai ba sirri ba ne, in duba.

Yaya, sunanka ne daga sama har ƙasa. Famfon bene da ke yoyo, Tauƙir. Sabunta katin asibiti, Tauƙir. Kwan fitilar matakala da ya mutu, wanda kullum yake hawa da sauka a cikin duhunsa, Tauƙir. Can a tsakiya na ga wannan layin: likita ya ce yanar idon dama ta nuna, a cire kafin zafi ya shigo, jira zai iya lalata idon. A ƙarshensa sunanka, da ƙarin cewa idan ya zo. Kai kuma ba ka da niyyar zuwa sai babbar salla. Kada ka fara zargin kanka, don na riga na san yadda aka yi. Na tambayi Bhabi a fakaice, ta ce takardarka doguwa take zuwa har ka daina karanta ta zuwa ƙasa, ka ɗauka irinta nake samu, kuma ni da nake gari ɗaya da shi ina ta rage ayyukan. Ni kuma na ɗauka babu aikin ne. Manhajar ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, abin da aka rubuta ta raba. Ni ce na gina ta ba tare da na tuna wane ne zai riƙa sa sunayen ba.

Na juyo na tambaye shi me ya sa babu sunana ko a layi ɗaya, ni da riksho, keken haya mai ƙafa uku, zai kawo ni kafin shayi ya huce. Sai ya ce, cikin muryar nan tasa ta bayani kamar yana koya wa sabon ma'aikaci, wai ni ai ya riga ya ba da ni. Wai 'yar da aka aurar ba a aikenta, ba a cin abincin gidanta, ba a ɗora mata nauyi, ita ake kai wa. Wai da wace fuska zai kalli iyayen Mubashir idan suka ji ya mai da surukarsu 'yar aike. Raina ya ɓaci sosai, kuma ban ɓoye ba. Na ce masa shi ya zaunar da ni a cinyarsa ya koya min rubuta manhaja lokacin da maƙwabta ke cewa ɓata kuɗi ne a kan mace, yanzu kuma kwan fitila ya fi ƙarfina? Ya ce wancan daban, wannan daban, haka ya taso ya gani a ƙauyensu. Na ce to idon fa, shi ma sai ya jira babbar salla? Ya ce ido na Allah ne. Na ɗauki jakata na fita, sai da na shiga riksho na yi kukana.

Washegari Mubashir ya je da kansa. Ka san shi da wasa, ya ce wa Abba-ji shi fa ba a yi masa adalci ba, an ba shi mace mai iya gyara komai an kuma hana ta aiki, yanzu duk ƙarfinta a kansa yake ƙarewa, a taimaka a rage masa. Abba-ji ya yi dariya, ya cika shi da lemo, ya rako shi har ƙofa, bai canza ko harafi ba. Da dabara ta ƙare mana, sai na tafi na ɗauko Gwaggo Kishwar, don duk duniya ita kaɗai ce take kiransa da sunan yarinta ya amsa.

Ban taɓa ganin Gwaggo haka ba. Na zaci faɗa za ta yi, har na shirya rufe taga saboda maƙwabta. Sai ta zauna, ta cire takalmi, ta ce masa, kai Billu, al'adar nan da kake riƙo, a kaina aka yi ta, ba a kanka ba, don haka ni zan gaya maka ɗanɗanonta. Ta ce duk lokacin da mahaifinsu ya zo ganinta a gidan aure, da gorar ruwansa yake zuwa, ya zauna a bakin gado kamar mai jiran mota. Ta ce ta kan tashi da asuba ta yi masa gurasar paratha da man shanu irin yadda yake so, ya kalla, ya sa mata albarka, ya tashi ya tafi tasha ya sayi abincin hanya. Ta ce kowa yana yabonsa mutum ne mai mutunci, ita kuma in ya tafi sai ta zauna a gaban tukunya ta rasa wanda za ta gaya wa. Har ya rasu bai san ko ta iya girki ba. Daga nan ta nuna ni da sandarta ta ce, ga taka nan, in kana so ita ma ta tsufa da irin wannan a ƙirji, ci gaba, kai ka makance, ita ta ƙone. Abba-ji ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Da za mu tafi ya ce wa Gwaggo bai taɓa sani ba, ta ce ai ba ka taɓa tambaya ba, ta nemi a miƙo mata takalminta.

Litinin ta zo, ina ofis, na buɗe takardar ba tare da na sa rai ba. Sai ga layi guda. Aikin idon ne, kuma ga yadda ya rubuta ƙarshensa: Tauƙir, ta hannun Shagufta. Ka ga tsohon ma'aikaci. Ya san manhajar suna kawai take nema, ya sami hanyar da aikin zai iso gare ni ba tare da ya aike ni ba, wai kai ne ka wakilta ni. Na yi dariya har abokiyar aikina ta leƙo, ga hawaye kuma. Ban tsaya jayayya a kan lafazi ba, a ranar na kira asibiti.

Aikin bai ɗauki lokaci ba, likitar ta ce mun zo a kan gaɓa. Sai dai ta hana shi hawa matakala da sunkuyo na ɗan lokaci, ka kuwa san ɗakinsa a sama yake. Ba yadda ya iya, gidana muka wuce da shi. Kada ka ɗauka ya sauya gaba ɗaya. Da gorar ruwansa ya zo, kuma ya sa mai aikinsa tana kawo masa abinci daga Samanabad a kwanon ɗauka. Na ƙyale shi. Mahnur ce ke ɗiga masa magani tana yi masa tsiya, wai Kaka ya zo da ruwansa kamar mai tafiya hamada. Jiya na lura kwanon ya koma da rabin abincinsa, kuma miyar ganyen da na bari a kan tebur ta ragu. Ban tambayi kowa ba.

Abin da na fi so ka sani ya faru ne bayan an cire masa bandeji da kwana kaɗan. Ya ce a kawo masa kwamfutarsa. Na zauna kusa da shi yana rage girman rubutun kaɗan-kaɗan, yana murmushi, har fayilin ya dawo yadda yake a da. Ya cike akwatin aikin ido da hannunsa. Sannan ya sauka ƙasan fayilin ya buɗe sabon layi na idon hagu, wanda likitar ta ce a yi bayan wannan ya warke. Ina kallon yatsunsa. Ya rubuta harafin farko na sunanka, ya tsaya, ya goge. Ya rubuta Shagufta, ya ajiye fayilin, ya ce shayin gidan nan ba a kawo wa mutane ne?

Roƙona gare ka guda ne. Na san da ka gama karantawa za ka dawo da maganar ɗauke shi zuwa Kanada, kuma na san don ƙauna ne. Ka bar ta tukuna. A can zai zauna a bakin taga yana kallon ƙanƙara, nan kuwa yana da masallacinsa da mai shagonsa da Gwaggo da za ta zo ta zage shi. Idan kun yi waya ranar Lahadi kada ka yi masa faɗa a kan ɓoyewar da ya yi, kada kuma ka yabe shi a kan sunana, don in ya ji kunya yana iya komawa gidan jiya. Ka tambaye shi idon kawai, ka bar shi ya ba ka labari da bakinsa. Da sauran layuka da yawa masu sunanka. Ba zan taɓa su ba, fayilinsa ne, shi zai canza su a lokacin da ya ga dama.

Ka gaishe min da Bhabi Uzma da kyau, ka yi mata godiya. Ka shafa min kan Hamdan da Zoya, ka ce wa Zoya hoton da ta zana yana manne a jikin firij ɗinmu. Mubashir yana gaishe ka, Mahnur ma haka, Gwaggo Kishwar ta ce a gaya maka ta ga hotonka ka yi ƙiba. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri a babbar salla.

In ka buɗe takardarka ranar Litinin ka ga ta fara gajarta, kada ka rubuto min cewa manhajata ta lalace. Lafiyarta ƙalau.

Ƙanwarka mai kewarka,
Shagufta