An Sa Ni a Layin Matsorata

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Sashen Lafiyar Jama'a
Daga: Mai gyaran agogo, shago na uku daga bakin famfo
Rana: 9 ga watan Yuni

Game da: Jefa ni cikin rukunin da ba nawa ba

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ga kukana:

1. Ranar 12 ga Mayu wata ma'aikaciyarku ta zo gidana da takarda, tana binciken abin da ke sa mutum ya sake hali. Ta ce kun kasa dalilan gida huɗu: ilimi, tsoro, kwaɗayin kyauta, da kwaikwayon maƙwabta. Ta nemi sanin wanne ya raba ni da sukari, ni da na shekara talatin ina zuba cokali biyar a shayi.

2. Na ce mata tsoron Allah ne, domin jiki amana ne. Ta duba takardar sama da ƙasa, ta ce ba a tanadi gurbinsa ba. Daidai lokacin mai ɗakina ta yi gyaran murya a bayan labule. Mura take yi, ranka ya daɗe. Sai ma'aikaciyar ta yi murmushi, ta ja layi ƙarƙashin "tsoro", ta ƙara wani ɗan rubutu a gefe.

3. Ranar 26 ga Mayu aka manna sakamakon a allon asibiti. An ce ba a sa sunan kowa ba. An dai rubuta: "Mai gyaran agogo: tsoron iyali." Masu gyaran agogo nawa ne a unguwar nan? Ni kaɗai ne.

4. Shekara ashirin ina yi wa matasa faɗa a kan benci a ƙofar shagona, suna sunkuyar da kai. Yanzu da na buɗe baki sai wani ya yi gyaran murya, benci ya kwashe da dariya. Har wanzami, wanda kuka sa a layin kwaɗayi saboda sabulun da kuka raba, ya samu bakin yi mini ba'a. Idan nasiha ta zama abin dariya, wa zai tsawata wa yaran nan?

5. Ban musa ba, mai ɗakina ce ta ɓoye gwangwanin sukarin, kuma ban tambaye ta inda ta kai shi ba. Wannan kawaici ne. Ban yi dogon karatu ba, amma na karanta takardarku ta ciwon sukari sau biyu, har na tsinto kuskuren rubutu uku. Idan wannan ba ilimi ba ne, mene ne?

Saboda haka ina roƙon a cire takardar daga allo, a mayar da ni layin ilimi, a kuma buɗe gurbi na biyar don masu tsoron Allah, ko da mu kaɗan ne.

A aiko mini da amsa shago, kada a kai gida. Ba ta san na rubuto ba.

Naka cikin ladabi da biyayya,
Mai gyaran agogo