Baƙin Man da Na Goge

Al Nahda, Dubai
Ranar Talata

Zuwa ga Muhsinat, sanyin idona, ruwan randata a tsakar ranar Dubai, wadda jin sunanta kaɗai ke sauke mini gajiyar cunkoson hanyar Sharja,

Assalamu alaikum. Yau kwana tara rabona da jin muryarki, kuma wallahi kowanne na san yadda ya wuce. Na kira, ba ki ɗaga ba. Na tura saƙo, kin karanta kin yi gum. To ga takarda. Ita dai ba ta da maɓallin kashewa, sai dai ki yaga, ni kuwa na san halinki, ba kya jefar da abu sai kin duba shi ciki da bai.

Ba zan yi miki kwana-kwana ba, laifina ne. Ni na ce wa Hajiya, mahaifiyata, yarinyar da nake nema a ofishin kamfanin jiragen sama take, tana yanka wa matafiya tikiti. Alhali ke da sifana kike wuni a ƙarƙashin fiffiken jirgi, kina kwance inji kina ɗaurawa. Bakina ne ya yi nauyi in ce bakanikiya, wai kada dangi a Kazaure su sami abin dariya. Ranar da Hajiya ta gaishe ki a waya ta ce yaya aikin tikiti, kika ce lafiya lau Hajiya, kika rufa mini asiri. Sai da ta ajiye waya kika dube ni kika ce wanda ba zai iya faɗin sana'arki a gaban mahaifiyarsa ba, kada ya wahalar da kawunnansa da kai goro gidanku. Kika ɗauki jakarki kika tafi.

Kaicona! Ashe na manta da me kika kama ni? Ba a Ras Al Khor ba ne, ranar da tsohuwar motata ta mace, bakanike ya yi awa biyu yana zagaya ta yana cewa shwaiya, shwaiya, wai a bi a hankali? Kika zo sayen kayan motar yayanki, kika ji ina zagin motar da Hausa, kika yi dariya kika ce malam, tayar mu ji. Kika karkata kai kina saurare, kika sa yatsa kika nuna wata 'yar waya da ta saki. Minti biyar, mota ta tashi! Na miƙa miki hankici ki goge baƙin man da ya ɓata miki hannu, kika ce bar shi, ai ba ciwo ba ne. Tun daga ranar ban sake mallakar zuciyata ba, ya farin watana, ya inuwar da nake gudu in fake. Hannun nan na fara so kafin in san sunanki, shi kuma na ɓoye wa uwata.

Bari in gaya miki wadda ta buɗe mini ido, don ba wayona ba ne. Kin san fim ɗin da nake gyarawa wata biyu ke nan, wanda wani gidan adana tarihi na Ingila ya aiko wa kamfaninmu. Na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ne: mazan Ingila sun tafi fagen daga, mata suka shiga masana'antar ƙera jiragen yaƙi suka karɓi guduma. Kowacce ta ɗaure kai da ɗankwali tam don kada inji ya ja mata gashi. Fim ɗin ya tsufa, duk tabo da ƙarzuwa, ni kuma aikina in bi shi hoto bayan hoto a kwamfuta ina sharewa.

A ciki akwai wata Edna. Tana kan tsani tana buga ƙusoshi a jikin fiffike, sai ta waiwayo ta yi wa mai ɗaukar hoto dariya. Sakan goma sha ɗaya kacal. Baƙin mai ya ja mata layi daga kunci zuwa haɓa, hannayenta kuwa kamar ta tuƙa gawayi. Ba zan yi miki ƙarya ta biyu ba: na san ba tabon fim ba ne. Tabon fim tsalle yake yi nan da can, wannan kuwa yana bin fuskarta duk inda ta juya. Amma na ce haba, fuska mai kyau haka? Na zauna na goge shi tas, na mayar da ita fes kamar amarya, har ina yaba wa kaina.

Gidan tarihin suka nuna wa iyalan matan abin da muka gyara. Shekaranjiya ogana ya kira ni ya karanta mini wasiƙar 'yar Edna, tsohuwa mai shekara saba'in da takwas. Ta ce wannan ba uwarta ba ce. Ta ce uwarta ta sha ba su labarin ranar: mai ɗaukar hoto ya raba musu tsumma su goge fuska, kowacce ta goge, ita ta ƙi, ta ce in ƙasa tana son jirgin, to ta ga wadda ta ƙera shi yadda take. Tsohuwar ta ce duk duniya wannan sakan goma sha ɗayan ne kaɗai take da shi na uwarta tana motsi, don Allah a mayar mata da uwarta. Oga ya ajiye takarda ya ce yalla, wato maza, mayar mata da man, khalas, magana ta ƙare.

Hoto ɗari biyu da sittin da huɗu, Muhsinat! Ɗaya bayan ɗaya nake mayar da abin da na goge da hannuna. Ban kai rabi ba hannuna ya tsaya, don ba Edna nake gani ba kuma, ke nake gani. Matar nan ta tsare mutuncinta shekara tamanin a cikin gwangwanin fim, wani ɗan Kazaure ya zo da rana tsaka ya share shi wai yana yi mata gata. Ke ma hakan na yi miki. Na tashi na shiga banɗaki na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Jiya da la'asar na kira Hajiya na faɗa mata komai: inda kike aiki, kayan da kike sawa, da ƙaryar da na yi. Sai ta ce, wato 'yar mutane ta iya gyaran jirgin sama, kai kuma ka mayar da ita mai yankan tikiti? Ta ce, Izzu, da matsar man gyaɗa na raine ku, yaushe ka taɓa ganin hannuna ba maiƙo? Ko ni ma abin da kake gaya wa abokanka ke nan, a ofis nake? Wallahi gara ta mare ni.

Ba na roƙon ki ki yafe don Hajiya ta wanke ni tas da faɗa. Ina roƙon ki ne don ba ni da wata bayan ke, ya zumar rayuwata, ya wadda fushinta ma ya fi mini dariyar kowa. Wa zai riƙa gyara mini magana in na cika baki? Wa zai saurari ƙarar motata ya ce mini na yi sakaci da ita? Na yi miki alkawari, duk inda aka tambaye ni, a Kazaure ne ko a nan, zan faɗi sana'arki da cikakken baki, in ƙara da cewa ni ne mai sa'ar. Kawunnaina ma na kira su yau da safe na gyara maganar, ɗaya har ya ce in tambaye ki ko kina duba janareto.

Ranar Juma'a da hantsi jirgin Hajiya zai sauka a nan Dubai. Ta riga ta ce ba ni za ta zo gani ba, kuma in ba ta gan ki ba, kada in kuskura in taɓa mata akwati. Zan tsaya a ƙofar fitowar matafiya tun ƙarfe tara. Na san ta, kafin ta tambayi lafiyata za ta leƙa bayana ta ce ina yarinyar. Habibti, masoyiyata, ba ni da wata ƙaryar da ta rage mini, kuma gaskiyar da nake da ita a yanzu ita ce ban sani ba. Ki taimake ni da abin da zan ce mata.

Naki, ko kin zo ko ba ki zo ba, har ranar da za a rufe ni,

Izzuddeen